Sunan Da Na Goge A Dandalin Coci

Na ga katin da kuka buga, na kuma ga injin firesha, mai wanki da ƙarfin feshin ruwa, da kuka haɗa hannu kuka saya. An ce mini a waya kuka kalli bidiyo, cikin mako guda kuka gama koyo. Madalla. Amma tunda iyayenku sun ce in yi muku magana kafin ku fara, ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina wankin dutse da gyaransa a garin nan na Greensboro, kuma labarin da zai fi yi muku amfani a bakina shi ne wanda ban son bayarwa.

Ni birkila ne tun daga Bukuru. Na zo ƙasar nan ina da shekara arba'in, na fara da lodin kwali a wani sito, muna haya ni da Maman Ladi a wani ƙaramin gida a Glenwood, maƙwabtanmu ɗalibai gaba da baya. Wata Asabar na kwaɓa siminti zan gyara matakalar ƙofarmu da ta tsage, sai wani tsoho Baƙar fata ya tsayar da tirok ɗinsa, 'yar motar ɗaukar kaya, a bakin titi ya zuba mini ido. Da na ɗebi kwaɓin zan shafa, ya leƙo ta taga.

"Hannunka ya iya," in ji shi, "kanka ne bai san garin ba tukuna. Wannan tubalin ya girmi siminti, farar ƙasa yake so. Ka sa masa wannan, sanyi biyu zai farfashe."

Na ji haushi. Na ce masa shekarata ashirin ina gini. Ya ce shi kuma hamsin, in ina son in ƙara a kan ashirin ɗin nawa in same shi Litinin da safe. Shi ne Mista Rufus, maigidana a wannan sana'a. Bitrus ya yi masa wuya a baki, sai yake kirana Pita.

Aikin farko da ya kai ni wata tsohuwar maƙabarta ce a Summerfield, bayan wata gonar dawaki. Ya nuna mini dutsen kabari guda ɗaya wanda bai kai tsayin cinyata ba, ya ce shi ne aikina na ranar. Na yi dariya a raina. Ya sauke mini kaya: bokiti biyu, burushin gashin doki, 'yan tsinkayen katako, famfon feshi na hannu irin na masu lambu, da madubi. Kafin in taɓa ruwa ya sa na durƙusa na ƙwanƙwasa dutsen da gaɓar yatsa daga sama har ƙasa. In ka ji sauti kamar na ƙwarya, fatar dutsen ta rabu da jikinsa, kada ka matsa masa. Ya sa na shafa tafin hannuna in duba. In ka ga 'yan ƙwayoyi kamar sukari a hannunka, dutsen ya tsufa, numfashi ma a hankali za ka yi kusa da shi. Sannan ya sa na karanta abin da aka rubuta a jiki, da ƙarfi, tun daga suna har ƙarshe. Ya ce ba a wanke abin da ba a karanta ba. Sai bayan duk wannan aka jiƙa dutsen, aka fara daga ƙasa ana hawa sama, don kada ruwan datti ya gangaro kan busasshen wuri ya bar zane. La'asar ta yi ban gama ba, gwiwoyina kamar ba nawa ba.

Madubin nan na daɗe ban san amfaninsa ba. Wata rana muka tarar da dutsen da ido bai ganin komai a jikinsa. Mista Rufus ya tsaya can gefe ya tari hasken rana da madubin ya jefa shi a karkace, sai ga haruffa sun taso ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta kira mu ta zauna a ciyawa tana kuka, sunan kakarta ne.

Duwatsu iri uku za ku fi haɗuwa da su. Giranit mai taurin kai ne, yana jure kusan komai, shi ya sa yake ruɗin sabon shiga, ya ga ya ci nasara sau goma ya ɗauka kowane dutse haka yake. Dutsen yashi yana shan ruwa kamar soso, in ka cika masa ruwa gab da sanyi, ƙanƙara za ta fasa shi daga ciki. Mabul kuwa, farin dutsen nan mai sheƙi, a ido ya fi kowa ƙarfi, amma tsami kaɗan ke narkar da shi. Asid ɗin da ake wanke sabon tubali da shi, in ya taɓa tsohon mabul, an gama. Kowane magani kuka saya, ku gwada shi a wuri kamar faɗin tafin hannu, a bayan dutse inda ba a gani, ku tafi gida ku dawo bayan kwana uku ku duba. Na san wannan doka kamar sunana. Ku riƙe wannan a ranku, domin abin da zan gaya muku nan gaba ba rashin sani ne ya jawo shi ba.

Masu ba da aiki kuma kowa da halinsa. Wata mata a Irving Park ta sa mu wanke katangar gidanta ta tsohon dutse, ta fito da kofi a hannu ta ce tana son ta dawo sabuwa fil. Mista Rufus ya ce mata, "Ranki ya daɗe, in sabuwa kike so ki kira masu rusau. Ni tsafta nake yi wa tsoho." Ya fara mayar da bokitansa cikin tirok. Ita ta biyo shi tana ba shi haƙuri. Na ga mai gonar dawaki da ya tsaya a kanmu yini guda yana koya mana aikinmu. Na ga kwamitin coci na mutum tara, kowa da launin da yake son a ga bango. Dukansu abu ɗaya suke so, a gama jiya. Rabin sana'ar nan shi ne ka iya cewa a'a ga mai sauri.

Akwai aikin da muke yi duk bayan shekara biyu ko uku, shi ne dandalin da ke gaban wani tsohon coci a tsakiyar gari. Ba zan kira sunansa ba, mutanensa ba su yi mini laifin komai ba. Mu 'yan Najeriya katidiral muke ce masa saboda girmansa, ko da yake babu bishop a ciki. Wasunku sun ɗauki hoton biki a wurin ba ku san abin da kuke takawa ba. A da can, in ji Mista Rufus, fili ne da manoma ke kwance kekunan dokinsu in sun kawo ganyen taba gari. Kwamin giranit ɗin da yanzu aka shuka furanni a ciki, nan dawakin ke shan ruwa, har yanzu bakinsa a goge yake inda wuyansu ke gurza. Famfon ado na baƙin ƙarfe da ke tsakiya, a kan bakin tsohuwar rijiya aka kafa shi. Akwai hasumiya mai agogo da ƙararrawa, akwai wani ƙaton itacen oak da ke zubar mana da ganye a kan aiki, akwai allon tagulla kusa da ƙofa mai ɗauke da sunayen attajiran da suka kafa cocin.

Wata rana Mista Rufus ya ja ni jikin bangon cocin ta gefen inuwa, ya kama hannuna ya ɗora yatsuna a kan wani tubali. Ramuka uku ne ƙanana a jere, suka yi daidai da yatsuna. Ya ce sawun hannun wanda ya buga tubalin ne tun yana ɗanye. Bayi ne suka haƙo jar ƙasa a bakin rafi, suka buga, suka gasa, suka ɗora. Bayan an 'yanta bayi da daɗewa, jikokinsu suka haɗa abin da Allah ya hore musu suka sayi ɗan mabul mai araha, aka sassaƙa sunayen mutum goma sha ɗaya da aka iya tunawa. Sunan yanka kawai, ba sunan uba. Wurin da aka ba su shi ne kusurwar dandalin ta can ƙasa, bayan shuke-shuke, kusa da magudanar ruwa. Dutsen a kishingiɗe yake, gindinsa cikin ciyawa, har layukan ƙasa sai ka ɗage ciyawar da hannu za ka gan su.

Wannan dutsen Mista Rufus bai taɓa barina na wanke ba. Shi ke zuwa da kansa da ƙaramin burushi, ya durƙusa, yana bi layi layi yana kiran sunayen a hankali. Ba ya dubawa, a ka suke. In ya kai na ƙarshe sai ya ɗan buga dutsen da tafin hannu ya miƙe. Ni kuwa lokacin nake zuwa tirok in ci abincina. Gaskiya ita ce, a raina ina cewa wannan tarihinsu ne, ni baƙo ne, na zo neman abinci. Shekara goma sha biyar ina jin sunayen nan suna wucewa ta gefen kunnena, ban taɓa tsayawa na riƙe su ba.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kama Mista Rufus. Aka kai shi gidan jinya, ya bar mini tirok da masu ba shi aiki. Ina fara tsayawa da ƙafafuna annobar korona ta shigo. Coci-coci suka rufe, masu gidaje ba sa son baƙo ko a bakin ƙofa. Wata da watanni tirok na fake a gaban gida. Da gari ya buɗe sai aiki ya zo a tare kamar ruwan sama, ni kuma da yunwar aikin nan a jikina na daina cewa a'a. A lokacin na sayi injin firesha irin naku, domin na ga samari da shi suna gama a yini abin da nake mako a kai.

Da kaka ta shigo, Mista Glen ya kira ni. Shi ne mai kula da gine-ginen cocin, Bature ne mai sanyin hali, ya san ni tun ina bin Mista Rufus da bokiti. Ya ce za su yi bikin tunawa da kafa cocin ranar Lahadi ta sama, suna son dandalin ya yi fes. Mu da maigidana mako biyu muke yi a kan wannan aikin. Ina da wasu ayyuka biyu a hannu. Na ce masa kwana uku ya ishe ni.

Ranar Alhamis na fara wankin daɓen tubalin dandalin. Na dama asid a babban bokiti, ban gwada a ko'ina ba. Na rufe famfon ƙarfe da allon tagulla da leda, domin su ne ido ke gani. Dutsen kusurwa na hango shi, na ce ai yana nesa. Na kuwa san duk dandalin can yake gangarawa. Na watsa, na goge, na kunna inji na kora ruwan. Abin da ban duba ba shi ne ganyen oak ya toshe magudanar. Sai da azahar, da na zagaya bayan shuke-shuken zan ja tiyo, na tarar ruwan ya taru ya yi tafki, gindin dutsen na ciki, yana kumfa kamar an matsa lemun tsami a kan kanwa.

Har a lokacin da sauran gyara. Abin yi shi ne a buɗe magudana, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a hankali, a bar dutsen ya bushe, a kira masu wurin a gaya musu. Da layi biyu ko uku ne za su dushe, kuma madubi zai iya tayar da su. Ni kuwa da na ga ƙasan dutsen ya yi fari fat saman yana baƙi, abin da ya zo mini shi ne kowa zai gane. Sai na juya bakin injin a kansa don in daidaita launin. Ban fi ƙirga goma ba. Fuskar dutsen ta taso tana gangarowa kamar tsakin masara. Da na saki kunamar injin, sunaye huɗu ne suka rage a sama. Bakwai sun tafi.

Na duba hagu, na duba dama, ba kowa sai wata mata can nesa da karenta. Na ɗebo jar ƙasa a gindin shuke-shuken, na haɗa da ruɓaɓɓen ganye, na dama, na shafe wurin da hannuna don ya yi kama da tsohon lalacewa. Na iya aikin, ya kuwa yi kama.

Washegari na kira Mista Glen da kaina na kai shi wurin. Na ce masa na ɗan share dutsen sai na tarar ya daɗe da cinyewa, datti ne kawai yake rufe da shi. Ya tsuguna ya duba, ya girgiza kai.

"Kaico. Laifinmu ne, mun bar shi a lungu. Na gode da ka nuna mini, Pita. Wani da shiru zai yi."

Ranar Lahadi aka gayyace ni bikin, na sa babbar rigata, Maman Ladi ta ɗaura ashoke. Bayan sujada aka fito dandali, faston ya kira sunana, ya ce ga ɗan'uwanmu daga Afirka da ya mayar mana da wurin nan sabo. Aka tafa mini. Ina cikin gaisawa da mutane na hango wata tsohuwa tana tura keken tafiyarta, irin wanda tsofaffi ke dogarawa, zuwa kusurwar nan, mutum biyar ko shida na biye da ita. Mis Odessa ake ce mata, ta haura tamanin, ido ya fara yi mata rauni. Jikokinta ne suka zo daga garuruwa masu nisa, za ta nuna musu sunan kakan kakanta. Aizaya, wato Ishaya namu. Layi na takwas.

Suka riƙe ta ta sunkuya. Ta sa yatsu tana lalube, ta sauka, ta hau, ta sake sauka. Ta ce a kira mata Mista Glen. Shi kuma ya yafito ni, ya maimaita mata maganata kalma kalma, ina tsaye.

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗana, kai ka wanke wurin nan?"

"Ni ne, Mama."

"Da Ista na taɓa shi. Yana nan."

"Haka na same shi, Mama. Tsufa ne."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To. Allah ya yi maka albarka, ka sha aiki." Ta juya ga jikokin ta nuna musu wurin da babu komai, ta ce nan yake a da.

Yanzu ku lura da kyau, domin nan ne ainihin ɓarnar. Cocin ba shi da takardar da ke ɗauke da sunayen nan. Ba wanda ya taɓa tunanin rubuta su, tunda ga su a dutse. Mutum ɗaya ne a duniya yake da su goma sha ɗaya a kansa, kuma ni kaɗai na san haka. Yana kwance a gidan jinya, tafiyar minti goma sha biyar daga gidana. Amma in na je na ce ya karanto mini in rubuta, zai tambaye ni dalili, kuma Mista Rufus ba mutumin da za ka ce wa tsufa ne ya yarda ba.

Na je duba shi kafin Kirsimeti. Bakinsa ya karkace, magana na fita da ƙyar, amma hankalinsa garau. Ya tambaye ni tirok, ya tambaye ni Ladi. Sannan ya ce ya ji an yi biki.

"Ka wanke mutanena?"

"Na wanke su, Mista Rufus."

"Da hannu?"

"Da hannu."

Ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Sai na ji ya fara, a hankali, yadda yake yi a durƙushe. Kato. Dina. Ya huta. Mosis. Waya tana aljihuna, da na latsa ta kawai ta ɗauki muryarsa ba tare da ya ma sani ba. Amma ban iya zaman ba. Na miƙe na ce masa na faka tirok a inda bai dace ba, za a ja mini shi, ina zuwa. Na fita, ban koma ba. Na ce sai bayan sabuwar shekara. Bayan sabuwar shekara na ce sai sanyi ya ragu. Cikin watan Fabrairu 'yarsa ta kira ni ta ce ya rasu.

Bayan jana'iza ta ba ni akwatin kayan aikinsa na katako, ta ce ya ce nawa ne. Na kawo shi gida na zazzage a baranda da rana tsaka, ina duba kowane lungu ko akwai 'yar takarda. Na ɓamɓare har shimfiɗar ƙasan akwatin. Burusai ne, da tsinkaye, da madubi. Mista Rufus ba mutumin rubutu ba ne. Maman Ladi ta dawo daga aiki ta tarar da ni a tsakiyar kaya.

"Baban Ladi, me ka ɓatar?"

Na gaya mata duka, tun daga asid har tirok ɗin da na ce za a ja. Ba ta zauna ba, jakarta ma ba ta sauke ba.

"Watau ranar da na ɗaura ashoke ina tafa maka, ka san wannan?"

Na ce na sani.

"Gobe da safe za ka je wurinsu. In ba ka je ba, ni zan je, kuma da sunanka zan fara."

Na je. Mista Glen ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, fuskarsa ta yi ja. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ka sa na yi wa tsohuwa ƙarya da bakina." Ya tara kwamiti, aka kira Mis Odessa da wasu iyalai uku da ke da suna a dutsen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tsaya a gabansu na maimaita.

Mis Odessa ta ce, "Tun ranar na sani. Dutsen da tsufa ya ci santsi yake yi kamar sabulu. Wannan kaushi na ji, sabon ciwo. Na yi shiru ne in ga ko za ka zo da ƙafarka. Ka zo, ko da ka makara. Yanzu sai a nemi sunayen."

Sai na gaya musu sauran, wanda ba wanda ya tambaye ni: cewa Mista Rufus ya san su duka a ka, cewa na san ya sani, cewa wata huɗu yana raye bayan ɓarnar, har ya fara karanto mini na tashi na fita. Mis Odessa ta sa hannu biyu ta riƙe keken tafiyarta.

"Wannan kam ban sani ba," ta ce. "Da na sani, da ban jira ka ba."

Aka karɓe aikin cocin daga hannuna, daidai ne. Labari ya zaga, a cocinmu ma an ji, wasu iyayenku sun daina kallona ido cikin ido na ɗan lokaci. Masu ba ni aiki da dama suka janye. Na roƙi kwamitin abu ɗaya, su bar ni in taya neman sunayen, suka yarda.

Wata uku muka yi. Iyalai suka kwaso tsofaffin hotuna daga akwatuna, muka samu uku a ciki. Mis Odessa ta ba da Aizaya, ta kuma tuno wanda ke samansa, domin yatsanta kan bi ta kansa kafin ya iso. Wata malamar jami'a ta zo da fitilu da kyamara, ni kuma ina riƙe da madubi, muka yi ta jefa haske a karkace safe da yamma har inuwar haruffa ta ba mu ɗaya. Shida ke nan, da huɗun da suka tsira, goma. Na goma sha ɗaya shi ne layin can ƙasa, wanda ciyawa ke rufewa a kowane hoto, wanda ya fi daɗewa cikin asid. Ba ko alamar harafi. Suka yi ta tambayata ko zan tuna, tunda shekara goma sha biyar ina ji. Na rufe ido, na buɗe. Abin da na iya ba su shi ne suna ne gajere, gaɓa ɗaya. Iyakar abin da na riƙe ke nan.

Aka yanke shawarar yin sabon dutse na giranit a kafa kusa da tsohon, a fili, a sare shuke-shuken. Mai sassaƙa ya kawo zane, a layi na goma sha ɗaya ya sa "wanda ba a san sunansa ba". Kowa ya ce ya yi. Mis Odessa ta sa aka karanta mata, ta ce a'a.

"Kada ku rubuta ba a san shi ba. An san shi. Har bara an san shi. Ku bar layin haka nan."

Wani ɗan kwamiti ya ce baƙi za su yi ta tambayar me ya sa layi ɗaya ba komai, me za a ce musu? Ta juyo inda nake zaune a kujerar baya.

"Ku ba su lambar wayar wannan. Shi zai amsa."

Na ce na yarda. Ni na haƙa ramin, ni na zuba gindin, ni na dasa dutsen na daidaita shi, ita tana zaune a kan kujera tana sauraron ƙarar guduma. Ta rasu bayan shekara guda. Lambar tana nan a ofishin Mista Glen, kuma yana bayarwa. Ba a cika kira ba, wani lokaci sai a yi wata biyar shiru.

Ranar Talatar nan da ta wuce ina kan tsani a wani gida a Summerfield waya ta yi ƙara. Wata malamar firamare ce, ta kai 'yan ajinta dandalin, sun ƙirga sunaye sun ga layi ɗaya babu komai, sun dame ta da tambaya, aka ba ta wannan lamba. Ta ce ta buɗe muryar wayar, yara ashirin da biyu suna saurare, ko ni ne masanin tarihin wurin?

Na sauko daga tsanin, na cire hula. Na ce, "A'a, Malama. Sunana Bitrus. Ni ne wanda ya goge shi."